Gidan da Ƙanƙara Ba Ta Narke a Rufinsa Ba

An yi wani mutum a garin Utica, cikin mutanen Bosniya da yaƙi ya koro suka zauna a nan. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana raye, kuma ƙofar tuba ba ta rufe masa ba. Magini ne, gwanin filasta. In ka ga tsohon gidan katako ya koma fes, an lulluɓe bangonsa da soso an shafe da siminti, da wuya in ba hannunsa ba ne. Yana da gidansa, da mata, da 'ya'ya. Ga mahaifiyarsa, tsohuwa Shefika, tana zaune tare da su tana dafa masa gahawa kowace safiya. Ya 'yan uwa, me ya rage wa bawa irin wannan ban da godiya?

Yana da ƙanwa mai suna Nermina. Ta yi karatun jinya, tana aiki a asibiti, tana hayar ɗaki ɗaya a saman wani shagon wanki. Ba ta da yawan magana, amma in ta ce a'a, an gama.

Kun tuna shekarar da kasuwar gidaje ta rushe. Duk layin da ka shiga, alluna ne a kafe a ƙofar gidaje ana neman mai saye, babu. Mai kuɗi ya ƙanƙame kuɗinsa, banki ya ɗaure fuska. Sai gwamnati ta fito da rangwame: wanda ya sayi gidansa na farko, za a mayar masa da kaso mai tsoka ta hanyar haraji. Sharaɗin shi ne ya zauna cikin gidan da kansa har shekara uku. Hankali ya kwanta. Allunan suka fara ɓacewa, masu haya suka fara auna tagogi don ɗinka labule. Alheri ne aka shimfiɗa don marar gida ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa.

Wata Lahadi ana shan gahawa, mutumin nan ya matso kusa da ƙanwarsa.

"Nermina, ara mini sunanki."

"Sunana? Riga ce?"

"Ke dai tsaya ki ji. Akwai wani bene a kan tudu, saura kaɗan a ba da shi kyauta. Ni ina da gida, ba za a ba ni rangwamen ba. Ke ba ki taɓa saye ba. Ki sa hannu, in gyara, farashi ya tashi mu sayar, in ba ki rabonki."

"Wa zai riƙa kwana a ciki?"

"Wa zai zo leƙe? Gwamnati gadi take yi?"

"Yaya, ni ma gida nake nema, wanda zan kwana a ciki. Can zan kai sunana."

Ya juya wajen tsohuwa. "Mama, kin ji malamar asibiti! Ni na goyo ta har muka tsallake iyaka, yau ita ce ke mini wa'azi."

Nermina ta ajiye kofi. "Ka goya ni, Allah ya saka maka. Amma goyon bai haɗa da shaidar zur ba."

Da ya rasa sunan ƙanwa, sai ya ɗauki na uwa. Ya jinginar da gidansa a banki, ya sayi benen da sunan tsohuwa Shefika, wadda ba ta karanta Turanci. Ta sa hannu a kan cewa can za ta zauna. Nermina ta ja ta gefe ta fassara mata abin da ta ɗauka wa kanta. Tsohuwa ta ce, "Ɗan da na haifa ne zai cuce ni?" Ta ci gaba da zama inda take, tana rainon jikoki.

Nermina kuwa ta sayi wani ɗan gida kusa da layin dogo, ɗaki biyu, bango duk ya kwarzane. Yayanta ya rantse ba zai taɓa shi ba. Matarsa ta sa wa gidan suna akurki. Aka daina kiranta gahawar Lahadi. A gidan biki mata na ganinta su rage murya, ana cewa karatu ya ɗaga mata kai. To, in ƙin ƙarya shi ne ɗaga kai, Allah ya ƙara mana masu ɗaga shi.

Ba ta je roƙon kowa ba. Ta sayo siminti da fenti, ta lilliƙe bangon da hannunta, ya fito tudu da kwari. Jirgin ƙasa na wucewa kofuna su yi ta kaɗawa a kan kantar girki, har ta saba, in bai wuce ba sai ta ji kamar an yi rashi. Lokacin sanyi takan ɗauki shebur ta kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofarta kafin ta tafi aiki. In ta dawo ta murɗa mabuɗi, ɗumi ya tarbe ta, sai ta ce alhamdu lillahi.

Shi kuwa ya zuba gwaninta a benen, har masu mota na rage gudu don kallo. Sannan ya shiga gina ƙarya kamar yadda yake gina bango. Ya rataya labule. Ya sa fitila mai kunna kanta da magariba. Ya rubuta sunan uwarsa a akwatin wasiƙu. Ya kuma gaya wa kamfanin inshora gida ne da ake zaune ciki. Kowace Juma'a, daga masallaci, sai ya biya ya buɗe famfuna su yi ta zuba, don mitar ruwa ta nuna akwai mai wanka da wanke-wanke. Ku duba, ya 'yan uwa: daga sahun salla zuwa shayar da ƙarya.

Ruwa ba shi da tsada, amma iskar gas ta ɗumama bene guda tana da ciwo. Ko yaro a garin nan ya san abu biyu ake yi wa gidan da ba kowa in sanyi ya shigo: ko a bar ɗumi a kunne, ko a tsiyaye ruwan bututu kaf. Ƙarya ta hana shi tsiyaye ruwa. Rowa ta hana shi barin ɗumi. Girman kai kuma ya raɗa masa cewa bangon da ya lulluɓe da hannunsa sanyi ba ya ratsa shi. Ya kashe na'urar ɗumin.

Maƙwabcin benen, wani dattijo mai suna Carmine, ya tare shi wata rana. "Maƙwabci, ka gaida mini Mama. Ka ce ta kunna wuta, a layin nan rufinta ne kaɗai ƙanƙara ba ta narke ba."

Ya yi dariya. "Aikina ne, baba. Zafi ba ya samun hanyar fita."

"Haka ne. Hayaƙi ma bai samu ba."

An yi masa gargaɗi da harshe mai laushi, bai ji ba.

A watan Janairu aka yi sanyin da ke daskarar da numfashi a gashin baki. Ruwa ya daskare cikin bututun saman bene, bututu ya tsage. Da sanyin ya ɗan sassauta, ruwa ya ɓalle, ba mai ji, ba mai gani. Ya cika sama, ya jiƙa silin har ya rufto, ya gangaro ta matakala. Sanyi ya dawo ya kama shi a hanya. Ranar Juma'a da ya zo buɗe famfo, ƙofa ta ƙi turuwa. Ya leƙa ta taga, ya ga matakalar ta zama dutsen ƙanƙara, filastarsa ta kumbura ta tsattsage daga ciki.

Mutumin inshora ya zo ya zaga. Babu gado, babu tukunya, na'urar ɗumi a kashe. Ya ce ba su biyan gidan da aka bari ba kowa, sai in akwai shaidar cewa tsohuwar na zaune a nan.

Da safe yayan ya sami Nermina tana kwasar ƙanƙara a ƙofarta. Rabonsa da yi mata magana ya daɗe.

"Ƙanwata, ke ma'aikaciyar asibiti ce, za a yarda da ke. Ki ce kina zuwa benen duba hawan jinin Mama."

"Ina zuwa duba ta, a gidanka."

"Za a ƙwace komai, Nermina. Kuma sunan Mama ne a kai."

Ta jingine shebur. "Na sani, Yaya. Shi ya sa ba zan ɗora mata wata ƙaryar a kan wadda ka ɗora ba."

A makon ta ɗauki uwarta zuwa ofishin haraji, ta tsaya a gefenta tana fassara, tsohuwa ta faɗi gaskiya da bakinta. Aka ce a mayar da rangwamen kaɗan-kaɗan. Nermina ta ƙara lokutan aiki ta ɗauki nauyin, ba ta taɓa goranta wa kowa ba.

Shi kuwa inshora bai biya ba. Benen ya ruɓe da damshi, aka sayar da shi a wulaƙance. Banki ya karɓe gidan da ya jinginar. Matarsa ta kwashe yara ta koma wajen iyayenta. Wanda ya so gida biyu ya wayi gari yana hayar ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, yana yi wa yaran da shi ya koya musu riƙon cokalin gini kwaɓin siminti.

Tsohuwa Shefika ta koma akurkin. Ta ce tunda ta baro ƙauyensu ba ta yi barci mai daɗi irin na ɗakin nan ba, har da jirgin. Gahawar Lahadi ta dawo can. Da aka jima shi ma ya fara zuwa, yana zama a bakin kujera. Wata rana ya shafa bangon, ya ji tudu da kwari.

"Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

Nermina ta miƙa masa kofi. "Wadda ke kwana a ciki."

Ya sunkuyar da kai ya sha.

Ya 'yan uwa, ba sanyi ne ya rushe mutumin nan ba, sanyi kowa ya same shi a shekarar. An buɗe ƙofa don marar gida, mai gida ya kutsa da sunan uwarsa. Ya ce wa zai zo leƙe, ya manta da Wanda ba ya bukatar leƙe. Dukiyar jama'a amana ce, ko a hannun wace gwamnati take. Sa hannu alkawari ne, kuma sunan iyaye ba jari ba ne. Ke kuma da ake wa gori don kin ƙi ara sunanki, ki daure. Ɗaki biyu na halal ya ɗauki uwa, ya ɗauki baƙo, har da wanda ya raina shi.

Allah ya ba mu muhallin da za mu kwana cikinsa da kwanciyar rai, ya shiryi ɗan'uwan nan ya mayar masa da iyalinsa. Allah ya kiyaye mu da gina abin da ba za mu iya tsayawa a cikinsa ba. Amin.