Kwalliyar Kaguwa a Dajin Murjani

Ga ta nan, ga ta nanku, daga ƙasan teku.

Ta taso mu ji ta.

Tunda aka halicci ruwa ba a taɓa zaluntar kowa kamar Kaguwa ba, in ji Kaguwa.

Can ƙasa inda rana ba ta kaiwa, akwai dajin murjani. Wata rana masu bincike suka sauko da na'ura mai fitila don ɗaukar hoton mazauna wurin. Kaguwa yana so a ɗauke shi shi kaɗai, sai ya bi gida-gida yana cewa, "Ku ɓuya, wannan abin duk wanda ya haska sai ya haɗiye shi."

Kowa ya shige rami. Shi kuwa ya tsinci rassan murjani ya lilliƙa a bayansa, ya hau dutse ya ƙame.

Na'ura ta haska shi, ta ɗauka reshe ne, ta wuce. Sai ga tsohuwa Jatanlande ta fito da tsintsiya.

"Iya, ba na ce ki ɓuya ba?"

"Ɗan nan, ko haɗiye ni zai yi, baƙo ba zai tarar da ƙofata da datti ba."

Na'ura ta yi ta ɗaukarta, gaba da baya, ta haye sama.

Kaguwa ya ce, "Ni da na fi kowa kyau?"

"Wa ya rufe kyan?"

Ya shafa bayansa, ya ce, "To, ni ne. Amma ai kin ga rassan sun zauna."

Ƙurunƙus, kan ɗan kifi.