Tsiro Arba'in da Uku na Yotamu

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gefen garin Kasungu, sunansa Yotamu Kaphale. Shekara ashirin da biyu ya yi yana noman taba, kuma in ana zancen renon irin taba a yankinmu, sunansa ake fara kira. Dattijo ne a coci, shi ke karanta sanarwa ranar Lahadi. Mutum ne mai ƙoƙari, wannan ba zan rage masa ba. Amma fa akwai ji da kai. In ka ba shi shawara, sai ya dube ka kamar ka taka masa sabon takalmi.

Shekara uku a jere farashin taba yana faɗuwa. Abin da ya samu bara ko takin bana bai isa ya saya ba. To da aka halatta noman chamba, wato wiwi, ga ƙungiyoyi masu lasisi don magani da masana'antu, Yotamu na cikin na farko da suka shiga ƙungiyar ƙauyensu. Bana ko tsiron taba ɗaya bai rena ba. Abincin gidansa na shekara gaba ɗaya ya ɗora a kan wannan sabon noma.

Sharaɗin ƙungiya ɗaya ne. An ba kowa ƙwayar iri ɗari da hamsin, ya rena a gida. Bayan sati biyar za a zo dubawa. Wanda ya nuna lafiyayyen tsiro ɗari, za a yanka masa fili a gonar ƙungiya mai shinge. Wanda ya gaza, sai wata shekara. Kuma babu ƙarin iri ga kowa.

Ranar da aka raba irin, malamin gona ya tsaya zai yi bayani. Yotamu ya saka nasa a aljihu ya hau keke.

"Ni za a koya wa reno?" in ji shi. "Irin taba da yake kamar ƙura ma na raya shi, balle wannan mai girman ƙwayar dawa."

Ya je fadama ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya ja kunya, ya zuba taki, ya shuka, ya lulluɓe da busasshiyar ciyawa mai kauri. Ruwa kuwa sau uku a rana, safe da rana da yamma, yadda ake yi wa taba.

Kwana shida ya ɗaga ciyawar ya leƙa. Sun fito, fiye da ɗari da talatin. Ya dawo gida yana ta yin fito don murna.

Kwana goma, murna ta fara komawa ciki. Tsiron sun yi tsawo, sirara kamar zare, fari fat, suna ta miƙewa neman haske. Yotamu ya ce yunwa ce, ya ƙara musu taki. Bakin ganyen ya ƙone. Ya ce to zafin takin ne, ya ƙara ruwa don ya wanke.

Daga nan suka fara kwanciya. Zai zo da safe ya tarar da goma sun faɗi, gindinsu ya yi baƙi ya tsuke kamar an matse da farce. Gobe goma sha biyu. Ya kafa musu tsinke ya ɗaure, su sake faɗuwa da tsinken. Ya yayyafa toka. Ya sayo maganin ƙwari ya fesa. Har addu'a ya yi musu a durƙushe cikin taɓo. Kullum dai lissafin baya yake yi.

Ranar da suka koma saba'in, bai iya cin abinci ba. Matarsa Nambewe ta ajiye masa tuwon masara da miyar ganyen kabewa, har ya huce bai taɓa ba.

"Baban Tadala, sai ka ci, tsiron ba a cikinka yake ba," in ji ta.

"Ki bar ni, Nambewe."

"Na bar ka sati biyu, ga abin da ya haifar. Buhun masara biyu ya rage a ɗaki. In aka hana ka filin nan, me za mu ci? Sanarwar coci?"



"Ka san wanda ya san abin nan," ta ce. "Ni ma na sani. Duk ƙauyen nan an sani."

Ya sani mana. Yayarsa ce, Esinati, wadda ta girme shi da shekara goma sha ɗaya, ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta yi kusan shekara talatin tana noman chamba a ɓoye a bayan tsauni, lokacin da doka ta hana. Kowa ya sani, kowa ya kawar da kai.

Sai shekara tara da suka wuce, ana shirin zaɓen dattawan coci, wani ya tayar da maganarta don ya ɓata Yotamu. Shi kuwa ya miƙe a gaban jama'a ya ce ba shi da 'yar'uwa mai noman kayan maye. Aka zaɓe shi. Ita aka cire ta daga ƙungiyar mata. Tun ranar ba ta taka ƙofar gidansa ba, shi ma bai taka tata ba.

"Gara su mutu duka da in je wurinta," in ji Yotamu.

"To ai sun ji ka, suna kan hanya," Nambewe ta ce, ta ɗauke kwanonta.

Washegari ya ƙirga, sittin da ɗaya. Ya zauna a bakin kunyar, ƙaton mutum mai furfura, ya yi kuka. Ba don tsiron kaɗai ba. Tsoro ne ya kama shi sosai, tsoron yunwa a gidansa da tsoron dariyar mutane. Da ya share hawaye, sai ya ɗauki kekensa ya nufi bayan tsauni.

Ya tarar da Esinati a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa fiye da yadda ya zata. Ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da aikinta.

"Sannu, Yaya."

"A'a, Dattijo ne? Ka ɓata hanya. Coci can gabas take."

"Wurinki na zo."

"Wurina? To ni wace ce a wurinka? Na ji an ce ba ka da 'yar'uwa."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa a gabanta, abin da rabonsa da yi tun yana yaro.

"Yaya, tsirona na mutuwa. Na yi duk abin da na sani, kullum ƙara mutuwa suke yi. In suka ƙare, gidana ya ƙare. Ki taimake ni."

"Tsiron me?"

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Chamba."

"Ban ji ba. Kunnena ya tsufa."

"Chamba, Yaya."

Ta yi dariya har da tari. "Oho! Wato da takarda ta hau kansa sai ya zama tsarkakakke. Zauna ka taya ni ɓarar gyaɗar nan, in mun gama sai in ga ko ƙafata za ta yarda."

Haka ya zauna a ƙasa ya ɓari gyaɗa fiye da awa biyu. Da suka gama ta ɗaura ɗankwali, ta hau bayan kekensa.

Da suka isa fadama, ta tsaya a kan kunyar ta riƙe haɓa.

"Yotamu, wa ya mutu ka yi masa wannan lulluɓi?"

"Haka ake yi wa taba."

"To wannan taba ce? Shi wannan, rana yake so da iska. Ka rufe shi a duhu, ya yi ta miƙa wuya yana neman haske har ya rame, kai kuma kana cewa yunwa ce."

Ta tsoma yatsa a ƙasa, ta ciro shi da taɓo har gaɓa ta biyu, ta nuna masa.

"Sau nawa kake ba su ruwa?"

"Sau uku."

"A sati?"

"A rana."

"Wayyo ni Esinati. Kifi kake reno?"

Ta sa shi ya janye ciyawar, rabi yau, sauran bayan kwana biyu, don kada rana ta buge su gaba ɗaya. Ta bi kunyar tana tuge duk wanda gindinsa ya yi baƙi tana jefarwa nesa. Kowane ɗaya ta tuge, sai Yotamu ya ji kamar haƙorinsa aka cire.

"Yaya, wannan ai da sauran rai!"

"Ya mutu, labari ne bai kai ganyensa ba. In ka bar shi sai ya shafa wa na kusa."

Da ta gama, saura arba'in da takwas. Ta sa ya haƙa 'yar hanya a gefe don ruwan ya tsane. Ta ɗebo busasshen yashi ta tara a gindin dogayen, har suka tsaya da kansu. Ta ce taki kuwa kada ya sake ko kusantar da shi.

"Sai me kuma?" in ji shi.

"Sai ka tafi gida."

"Ruwa fa?"

"Sai ƙasa ta bushe har tsawon yatsa. Kwana uku, ko huɗu."

"A zafin nan na Oktoba? Yaya, za su ƙone!"

Ta sunkuya ta ɗauki bokitin ban-ruwansa ta ɗora a ka, ta tafi da shi gidanta a ƙafa.

Kwanakin nan uku su ne mafi tsawo a rayuwar Yotamu. Da tsakar rana sai ganyen su yi laushi, shi kuma hankalinsa ya tashi. Rana ta biyu ya saci tukunyar Nambewe ya cika da ruwa. Ta tare shi a hanya.

"Ina za ka da tukunyata?"

"Kaɗan kawai zan yayyafa."

"Ajiye. Ka kashe tamanin da iyawarka, ka bar sauran su gwada ta Esinati."

Ya ajiye. Ya je ya zauna a bakin kunyar, hannuwansa a cikin hammata don kada su yi abin da suka saba.

Biyar suka ƙara mutuwa. Daga nan mutuwar ta tsaya. Cikin sati guda sababbin ganye suka fito, kore shar, karan ya yi kauri. Esinati kan zo duk bayan kwana biyu, ta tsoma yatsa, ta ce a ba su ko a bari, ta juya. Ko ruwan gidansa ba ta sha.

Ranar dubawa, shugaban ƙungiya Mista Kaliwo ya zo da malamin gona, mutane na biye da su. Aka ƙirga. Arba'in da uku. Ko rabin abin da ake nema bai kai ba.

"Dattijo, ka san sharaɗi," in ji Kaliwo. "Ban ji daɗi ba, amma sai baɗi."

Nambewe ta sa zani ta rufe fuska.

Malamin gona dai bai tashi daga tsugune ba. Yana ta juya ganyen yana duba gindin.

"Mun zaga gida goma sha tara," ya ce. "Wannan ruɓewar ta cinye kunya shida ƙurmus, ban ga inda aka tsayar da ita ba sai nan. Dattijo, yaya ka yi?"

Duk aka juyo ana kallonsa. Mutanen cocinsu ne kusan duka. Esinati na can baya a ƙarƙashin mangwaro, ba wanda ya kula da ita. Da a ce ya ce ƙwarewarsa ce, ba mai musa masa, ita kuwa ba za ta tanka ba.

"Ba ni ba ne," in ji Yotamu. "Ni na kashe su. Wadda ta ceto waɗannan ga ta can. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Na taɓa tsayawa a gabanku na ce ba ni da ita. Ƙarya na yi, kuma don neman girma na yi."



Kaliwo da malamin gona suka koma gefe suka yi shawara. Da suka dawo, Kaliwo ya ce za a ba gidan rabin fili, amma da sharaɗi. Sunan wanda ya iya aikin za a rubuta a matsayin mai filin. Yotamu zai yi aiki a ƙarƙashinta.

"Ka yarda?"

"Na yarda."

Aka kira Esinati. Ta taho a hankali. Kaliwo ya miƙa mata takarda da biro ya nuna mata inda za ta rubuta sunanta. Ta dubi biron, ba ta karɓa ba.

"Ni ban taɓa shiga aji ba," ta ce. "Kuɗin da na samu a bayan tsauni na karatun mutum ɗaya ya isa, ƙanena na tura makaranta."

Ta juya ta dubi ƙanenta.

"Karɓi, Yotamu. Rubuta mini sunana."

Ya karɓa. Ya dafa takardar a kan sirdin keke. Hawaye na ɗiga a kanta, ya rubuta Esinati Kaphale.

Darasi: Ƙwarewarka a abu ɗaya ba ta sa ka san komai ba, kuma yawan kulawa ba tare da sani ba yana kashe abin da kake so ya rayu. Kada ka wulaƙanta wanda ya ɗauke ka don mutane su yaba maka, wata rana a ƙofarsa za ka durƙusa. In akwai wanda ka juya wa baya, neme shi tun yana raye. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai bukatar jin sa yau.