Luguden Gwamma

Ku matso, ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wata tsohuwa ce, Gwamma, mai 'ya'ya mata uku. A wancan zamanin yaren duniya ɗaya ne. Kafin ta aurar da su, sai ta koya musu lugudenta: bugu uku, a cilla taɓarya sama, tafi biyu, a cafe.

Lantana ta auri masunci. A bakin kogi raɗa ake yi kada kifi ya gudu, sai 'ya'yanta suka tashi suna haɗiye ƙarshen magana. Delu ta tafi kan duwatsu, inda sai an ƙwala kira ake ji, sai nata suka riƙa jan magana kamar igiya. Kande ta zauna garin fatake, nata suka yi ta tsintar kalmomin baƙi. Jikoki suka ƙara nasu, tattaɓa-kunne suka ɗora.

Gwamma kuwa ta ƙi mutuwa. Taurin kai gare ta, kamar wani da nake gani a nan. Ta ce, "Ba inda za ni sai jinina ya san ni."

Sai ta ɗau sanda, ta je kogi. "Ni ce kakarku!" Suka yi ƙus-ƙus, suka ba ta baya.

Sai ta hau dutse. "Ni ce kakarku!" Suka amsa da wani dogon ihu, suka sako mata kare.

Sai ta isa garin fatake. "Ni ce kakarku!" Aka yi dariya, aka nuna mata hanya. Ta zauna jikin danga ta yi kuka. Wallahi ni ma nan wurin yana sosa mini rai.

Can sai ta ji daka a cikin gida. Bugu uku, shiru, tafi biyu.

Ta miƙe, ta shiga ba sallama, ta karɓe taɓarya daga hannun matar gidan. Ta buga uku, ta cilla, ta tafa, ta cafe. Matar ta daskare. Sai ta ɗauko wata taɓaryar, suka haɗa turmi, ba wadda ta saɓa wa wata.

Sai matar ta durƙusa, ta faɗi wata kalma. Gwamma ba ta taɓa jin kalmar ba, amma ta amsa, "Na'am, jikata."

Ranar ta yarda ta mutu, kanta bisa cinyar jininta.

Ƙurunƙus, kan kusu ya ƙare ta. Gobe in kun ji wani yana yarensa, ban da dariya. Wataƙila ɗan gidan Lantana ne.