Irin Dawa a Gida Huɗu

Akwai wani manomi da ya gaji irin dawa mai jure fari daga mahaifinsa, ba kuwa mai irinta a duk ƙasar. Da ya yi girbi, bai gina rumbu ba. Ya cika masaki kusa da murhu domin a riƙa ɗiba ba wahala, sauran kuwa ya raba wa ƙannensa uku, su ajiye, su ci, su taimaki juna.

Matarsa ta ce, "Maigida, masaki na gani, gidajen ƙannenka na sani. To, iri fa?"

Ya ce, "Yana ko'ina. In gida ɗaya ya ƙone, ai uku na nan."

Ta ce, "Wuta kake tsoro? Ni baki nake tsoro."

Da ruwan shuka ya sauka, masaki ya riga ya ƙare. Ya tafi wurin ƙanensa na fari, shi kuwa ya ce, "Yaya, ai na ɗauka irin yana wurin sauran. Mun yi bikin suna da namu." Na biyu ma ya cinye nasa. Na uku ya kakkaɓe buhu, aka sami dawa cikin tafi biyu.

Suka ce ya sayi wata dawa a kasuwa. Ya ce, "Ba zan bar irin babanmu ya mutu a hannuna ba."

Ya shuka tafi biyun nan rami rami, ya yi ta korar tsuntsu har kaka. Kafin kowa ya ɗanɗana, ya gina rumbu, ya zaɓi zangarniya mafi kyau, ya barbaɗa toka, ya liƙe da laka. Ya ce, "Na masaki na yau ne. Na gidajenku na ci da taimako ne. Wannan kuwa, ba mai taɓa shi sai ranar shuka."

Ma'anar misalin ke nan. Irin, Maganar Allah ce. Masaki, ayar da kake dubawa a waya ce: tana kusa, amma ba ta daɗewa. Gidajen ƙanne, ikkilisiya ce, inda muke ɗaukar nauyin juna. Dukansu nagari ne, sai dai ba rumbu ba ne. Rumbu zuciyarka ce. 'Ya'yanmu masu aikin kwamfuta ma suna bambanta ma'ajiyar wucin gadi, da ta tarayya, da ta dindindin. Balle mu da aka danƙa wa Magana mai rai.

Saboda haka, kada ka ce fasto ya riƙe maka. Zaɓi aya ɗaya, ka haddace ta kafin Lahadi. Ni fastonku zan tsaya a bakin ƙofar coci, zan kuwa tambayi kowa.