Zomo da Loma Uku

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Gwaggo Tabawa!

To ku buɗe kunne, musamman kai Mati, mai cinye malmala huɗu wai kana gina jiki.

A da can Zomo yana da wutsiya doguwa mai gashi luf-luf, ba abin da yake so a duniya kamarta. Ana nan, da kaka ta yi, sai Kura ta aiko garin su Zomo cewa nan da kwana arba'in za ta zo kokawa. Ita kuwa Kura duk wanda ta kayar sai ta cire wutsiyarsa ta rataya a ɗamararta. Kowa a garin ya zauna a kan tasa wutsiyar.

To al'adar garin, wanda zai yi musu kokawa shi ake ciyarwa, kowane gida ya kai masa akushi. Zomo da ya ji maganar akushi, bai tsaya jin sauran ba.

Ya ce, "Ni zan kara da ita!"

Kai, kwaɗayi bai yi ba!

Aka kai shi wurin Biri, tsohon ɗan kokawa. Biri ya latsa damtsensa, ya girgiza kai.

Ya ce, "Yaro, abin da ka saba ci, ka ƙara loma uku kawai, wake ko gyaɗa. Sannan ka ɗaga turmi sau ashirin, safe da yamma. In ka ƙara loma ba ka ƙara turmi ba, teɓa za ka yi, ba ƙwanji ba."

Zomo ya ce, "Na ji, Baba."

Ina ya ji! Akushi ya zo, ya share. Wani ya zo, ya share. Biri ya leƙo ya ce, "Turmi fa?" Ya ce, "Gobe, Baba." Kwana goma, "Turmi fa?" "Gobe, Baba." Kwana talatin, "Turmi fa?" "Wallahi gobe, Baba."

Ana saura kwana ɗaya ya je ya kama turmin. Ya yi nishi, ya sake nishi, turmi ko gezau. Ya taɓa damtse, taushi kamar tuwon jiya. Ya waiga don ya ga wutsiyarsa, wuya ya ƙi juyawa. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama, zufa tana keto masa.

Yana ta cewa, "Na shiga uku! Wayyo wutsiyata!"

Amma kun san Zomo, tsoro ba ya hana kansa aiki. Da safe ya dafa wake ƙwarya uku, ya zabga masa kanwa, ya ɗauka sai masaukin Kura. Ya yi sallama.

Kura ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne Zomon da na sani? Me ka ci ka zama haka?"

Ya ce, "Wannan, Yaya Kura. Ƙarfina duka a cikinsa yake. An ce kada in ba ki, amma ba na son a ce na kayar da baƙuwa da yunwa."

Ta ce, "Miƙo nan!"

Ta share ƙwarya ɗaya, ta share ta biyu, ta lashe ta uku.

Da la'asar fili ya cika, makaɗa suka saki ganga. Kura ta shigo, wutsiyoyi goma sha biyu na lilo a ƙugunta. Zomo ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Kanwar nan shiru! Kura ta cafke shi, ta ɗaga shi sama. Ya rufe ido, yana bankwana da wutsiya.

Sai aka ji ƙululululu! Har makaɗa suka tsaya.

Kura ta dire shi a kan ƙafafunsa, ta dafe ciki, ta ce, "Ina zuwa!" Ta tsallake 'yan kallo, ta yi daji. Wanda ya bar fili kuwa ya faɗi ke nan. Gari ya ɗauki guɗa, Zomo yana ta huci yana nuna damtse.

Bai gama nunawa ba sai ga Kura ta dawo, ciki wayam, ido jawur.

Ta ce, "Ina mai waken nan?"

Zomo ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya nufi kafar darnin gidansa, wadda ya saba wucewa fit tun yana yaro. Kai ya shige, kafaɗa ta shige, tumbi ya ce ina! Ya tura, ya matsa, ya kira Baba Biri. Kura ta iso a hankali, ta kama abin da ya rage a waje, ta fizge. Zafin ne ya cusa shi ciki.

Shi ya sa har yau ɗan guntu ne a bayan Zomo, kuma ko ciyawa yake ci, loma uku zai yi ya ɗaga kai ya waiga.

Ƙurunƙus kan wutsiyar Zomo! Duk wanda zai ci akushin gari bai ɗaga turmi ba, ya fara faɗaɗa kafar darninsa. Mati, ajiye malmalar nan, turmina yana tsakar gida.