Sunan Jaririn Cikin Kwalba

Ku gyara zama. Wanda ya san ba ya iya gardama ya tashi tun yanzu, don na sha raba aminai da labarin nan.

Garin Dutsen Kanya wutar sola yake sha. Ba abin da ke zuƙe wutar kamar injinan gidan ruwa guda biyu, can bakin dam, tafiyar awa guda daga gari. Barau ke kula da su. Shekara goma sha ɗaya yana wurin, ba mata, ba ɗa, ba maƙwabci sai belbela. Har suna ya raɗa musu, Gwaggo da 'Yar Auta, yana yi musu hira.

Ƙa'ida ta ce a tura ruwa safe da yamma. Shi kuwa yakan ƙara da tsakar rana, sa'ad da batura suka ƙoshi wuta ta yi rara, ya cika tankin kan dutse taf. In an tambaye shi ya ce dabara ce. Gaskiyar magana, shirun azahar ne ba ya iya jurewa.

Wata Talata cikin marka, matar Ilu mahauci ta haifi bakwaini, aka sa shi a kwalba a asibiti. Kwalba kuwa da wuta take ɗumi, ga janareton asibitin ya daɗe a kwance. Washegari sama ta rufe ruf.

Jatau mai kula da ɗakin batura shi ya ga wuta tana ja da baya. Ya gane in injinan ruwa suka ci gaba da sha, kafin la'asar kwalba ta huce. Ba huruminsa ba ne, amma ya ɗauki oba-oba, rediyon nan na magana, ya kira gidan ruwa.

"Barau, kashe 'yan matan nan naka."

"Kai Jatau, ka taɓa kirana ka ce ina kwana?"

"Ina kwana. Kashe su, akwai jariri a kwalba."

"Tanki dai cike yake tun jiya. Har zuwa yaushe?"

"Sai rana ta fito."

Barau ya kashe su. Kwana uku yana zaune tsakanin ƙarafa biyu masu sanyi, ba abin da yake ji sai ɗigar ruwa a kan kwano. Sau biyu ya kai hannu ga makunni, ya janye.

To amma tanki ɗaya ba ya riƙe gari kwana uku, asibiti kuma ba ya aiki ba ruwa. Sai Sallau mai buɗe layukan ruwa ya saɓa ƙarfensa, ya bi unguwa-unguwa cikin taɓo, ya rufe nan ya buɗe can, awa bibbiyu. Layin asibiti kaɗai bai taɓa ba. Mata suka yi masa caa.

"Sallau, Allah ya isa! Tukunya tana kan wuta!"

"Hadarin da ke sama, Inna, shi ba ni ke riƙe da makullinsa ba."

Ranar Asabar rana ta fito, yaro na numfashi. Ilu ya rantse sunan wanda ya ceci ɗansa zai sa masa.

Jatau ya ce ba don ya gani ya yi magana ba, da ba wanda ya motsa. Sallau ya ce ba don ƙafarsa ba, da tanki ya ƙafe tun Alhamis an tilasta kunna injina. Barau kuwa ya wanke rigarsa guda ta kirki, ya tako tun daga dam, ya tsaya a gefen taron suna. Da liman ya tambayi sunansa na yanka, aka rasa wanda ya sani a duk garin. Shi kansa sai da ya yi jim kafin ya ce, "Zakariya'u."

Rago na ɗaure, liman na jira, yaro kuma ɗaya ne. To, ku da kuka fi ni karatu, sunan wa za a raɗa masa?