Ramin Da Ke Jikin Katanga

A wani gari an yi wani mai gida, manomi, mutum mai son sanin yadda abubuwa suke tafiya. Da masai na gidansa ya cika, sai ya yi niyyar haƙa sabon rami. Ya taɓa jin cewa ba a haƙa ramin masai kusa da rijiya, saboda haka ya bar rijiyarsa can gabas, ya tafi ƙarshen gidan ta yamma, ya haƙa a jikin katanga. Ya dubi aikinsa, ya ga ya yi kyau.

Kafin a rufe ramin, sai ga duba-gari, jami'in tsabtar gari, yana zagayen unguwa. Ya yaba zurfin ramin, ya yaba nisansa da rijiyar gidan. Sa'an nan ya ɗora hannu a kan katanga, ya tambayi abin da ke bayanta. Mai gida ya ce gidan Gwaggo Tabita ne, wata tsohuwa gwauruwa, kuma lalle tana da rijiya a wajen, amma ai wannan ba gidansa ba ne.

Duba-gari ya ce, “Baba, katangarka a bisa ƙasa ta tsaya. Ruwan da ke ƙarƙashi bai san da ita ba.” Ya ce doka ta hana, a cike ramin a sake wuri, zai kuma dawo ya gani.

Mai gida bai yi gardama ba, amma maganar ta ƙi barinsa. Ya shiga ramin, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya ji shi kamar dutse. Ta ina ruwa zai bi? Ashe akwai hanyoyi a cikin ƙasa da ido ba ya gani? Ya ce a ransa ba zai binne wahalarsa a kan maganar baki ba, sai ya gwada.

Ya sayo bula mai yawa, irin wadda mata suke sa wa fararen kaya, ya dama a ruwa, ya tuttula a ramin. Kunya ta hana shi shiga gidan gwauruwa yana leƙen rijiyarta, don haka ya ce tasa za ta ba shi amsa. Kowace safiya yakan ja guga, ya ɗaga ruwan a hasken rana. Fari tas. Aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ya sake ja. Fari tas. Har ya fara shirya abin da zai gaya wa duba-gari.

Ran nan ya dawo daga gona da ƙishi. Matarsa Rifkatu ta ɗebo masa ruwa daga randa a farin kwano. Ya kai baki ke nan, sai ya ga shuɗi-shuɗi a gindin kwanon. Ya ajiye, ya je rijiyarsa ya ja guga. Babu komai. Ya dawo ya tambaye ta ko ta wanke kaya a kwanon, ta ce ita da kwanon shan ruwansa? Ya ce to daga ina ruwan randa yake?

Ta ce, “Daga rijiyar Gwaggo Tabita mana. Ruwan tamu zartsi ne, sai wanki da wanke-wanke. Tun da aka kawo ni gidan nan ruwanta kake sha, Baban Ishaya. Yau ka fara tambaya?”

Ta ƙara da cewa tun jiya tsohuwar take mamakin abin da ya sami rijiyarta.

Mai gida ya daɗe yana duban kwanon. Sa'an nan ya tashi ya yi sallama a gidan Gwaggo Tabita, ya gaya mata abin da ya yi, ya ce shi zai yashe mata rijiyar. Da duba-gari ya dawo, ya tarar an cike ramin, mai gida kuwa yana jiransa da tambayoyi.

Ma'anar wannan misali ita ce: gidan nan rayuwarmu ce, ramin kuwa shi ne wurin da muke zubar da abin da ba mu so a gani, wato fushi, da tsegumi, da ƙaramin rashin gaskiya. Mun iya nisanta su daga namu. Ba ma yi wa 'ya'yanmu ƙarya, sai mu yi a kasuwa. Ba ma zagi a gida, sai mu ɓata sunan wani a hanyar coci, mu ce ai can bayan katanga ne. Duba-gari shi ne duk wanda Allah ya aiko ya tambaye mu abin da ke bayan katangar, ko fasto, ko maƙwabci, ko jami'in lafiyar da ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Kada mu ɗauke shi abokin gaba.

Mutumin nan Allah ya yi masa jinƙai, gama bula kawai ya zuba, ba ƙazanta ba. Mu fa, me muka riga muka zuba? Kafin ka ce lafiyar maƙwabcinka ba ruwanka, je ka tambaya daga ina ake cika randarka.